Yashi, Ruwa da Damina

A watan Afrilu, yashin bakin kogin Sakkwato kan ƙona tafin ƙafa da azahar, alhali ruwan da ke gefensa na nan da sanyinsa. Rana ɗaya ce ta doke su. Sai dai kafin ruwa ya ɗumama kamar busasshen yashi mai nauyinsa, sai ya sha zafi kusan ninki biyar, kuma yadda yake jinkirin ɗauka haka yake jinkirin hucewa.

Daga nan damina take tasowa. Idan Sahara ta gasu da bazara, iskarta kan yi sama, sai iska mai laima daga Tekun Atilantika, wanda bai kai ga ɗumama ba, ta kwararo ta cike gurbin. Ita manomin gero a Maraɗi yake jira kafin ya yi shuka, ko da bai taɓa ganin teku ba.