Kundin Mako: Saita Hoto da Hannu

Litinin
Na ɗaura tsohon gilashin Helios 44-2, mai milimita 58, ƙirar Tarayyar Sobiyet, a kan Sony a6000 da taimakon adafta. Kyamara marar madubi ce, amma ba ta da iko da wannan gilashi, hannu ne ke murza zoben saiti. Sai na kunna fokus pikin, wato launin da kyamara ke shafa wa gefen duk abin da ya fito tar a allo. Ina murzawa, launin na tafiya daga bakin tebur zuwa bango.

Talata
Marinar Ƙofar Mata. Farin launin fokus pikin ya ɓace cikin fararen zanen da ke jikin rinannun yadi. Da na koma rawaya, sai ya fito raɗau a kan shuni. Kafin a ɗaga kyamara, a fara duba launin wurin.

Laraba
A Kasuwar Kurmi na roƙi wani dattijo mai sayar da huluna ya bar ni in ɗauke shi.

"Baba, a ɗan ɗago kai."

"To ɗana, Allah ya yi albarka."

Na buɗe ƙofar haske zuwa f/2. Aikin aska na wuyan rigarsa ya kama rawaya baki ɗaya, zaren hularsa ma haka, idonsa kuwa ɗan ɗigo ne kawai. Dalili shi ne, kyamara ba ido take nema ba, inda fari da duhu suka haɗu take bi, kuma ɗinki ya fi fatar mutum wannan. Na zuƙo hoton a allo, na murza kaɗan har gashin idonsa ya fito ɗaya-ɗaya. Launi ya kai ni unguwar, zuƙowa ta nuna mini gidan.

Alhamis
Ƙarfin fokus pikin mataki uku ne: babba, matsakaici, ƙarami. Babba na haska har abin da ke da ɗan dishi-dishi, ƙarami ya fi tsantseni. A f/8 kusan komai ya ɗau launi. Gara a saita a f/2, sannan a rage ƙofa.

Juma'a
Da dare, teburin mai shayi. A ISO 6400 ƙurar hoto kanta tana ƙyalli. Na mai da allo baƙi da fari, na zaɓi ja, ina ɗauka a RAW don launukan asali su tsira. Bakin kofi ya fito fes.

Asabar
Daga kyamarorin bidiyo dabarar fokus pikin ta samo asali, a 2011 kuma Sony ta saka ta a NEX-3 da NEX-5. Yau na ɗauki yara suna ƙwallo, babu lokacin zuƙowa, launin kaɗai na bi, ya kuma wadatar a f/5.6. Ga mai gudu, a amince da launi. Ga fuskar da ta tsaya, sai an zuƙo an ga ido kafin a danna.