Daɗin Ruwa Da Tsoron Aradu

Tun da ya ke damina ta kankama, na ga ya kamata yau mu ɗan yi hira a kan halin da mu kan shiga sa'ad da hadari ya taso, gama akwai wani laifi da mu ke yi a ciki, ni ma kuwa na yi shi.

Kun dai san yadda abin ya ke. An sha zafin bazara har mutum ya rasa inda zai sa kansa, rijiyoyi sun ja baya, barci ya gagara. Ran nan da la'asar sai a ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta tsaya cik, jim kaɗan kuma ta taso da ƙura. Nan da nan gida ya rikice, wannan tana kwashe shanya, wannan tana kora kaji akurki, waccan tana jera bokiti da kwatarniya ƙarƙashin indararo. Da ɗigon farko ya sauka sai ƙamshin ƙasa ya tashi, ni kuwa har yau ban ji turaren da ya kai shi daɗi ba. Amma fa da an yi walƙiya, tsawa ta biyo, sai ki ga wadda ke dariya yanzu yanzu ta toshe kunnuwa tana salati. Murna da tsoro a zuciya ɗaya, a lokaci ɗaya.

Kakata, Allah ya jiƙanta, ta fi kowa wannan hali. Da ta ji cida sai ta kife madubi, ta rufe tasoshinta masu ƙyalli da zane, ta tattara mu cikin ɗaki. Ta kan ce aradu maƙaryata ta ke nema, da masu rantsuwa a kan ƙarya. Tana da wani dutse baƙi mai santsi a ƙunshe cikin tsumma, wai gatarin aradu ne, daga sama ya faɗo. Amma kuma ita ce dai za ki gani zaune a bakin ƙofa tana kallon ruwa, fuskarta cike da fara'a, tana lissafin buhunan geron da za a samu bana.

Ina da shekara kamar goma aka aike ni da ƙanwata mu kai wa Baba abinci gona. Muna cikin tafiya hadari ya haɗo. Mu kuwa murna mu ke yi, muna tsalle, muna buɗe baki ruwa na zuba ciki. Da ruwan ya yi ƙarfi sai muka ruga gindin wata babbar tsamiya da ke bakin hanya, inda wani ya ɗaure akuyarsa. Ba mu daɗe ba sai ga wata Bafilatana mai tallar nono tana gudu. Ta daka mana tsawa, ta ce, "Ku 'yan nan, ku fito daga nan! Ba a gaya muku ba a fakewa gindin itace?" Ta fizgi hannun ƙanwata, na bi su ina gunaguni, don ina ganin ta fitar da mu cikin ruwa a banza. Ba mu kai ƙofar gari ba muka ga wani haske fari fat, da ƙara wadda har yau ban ji irinta ba. Kashegari aka je aka tarar tsamiyar ta tsage biyu, akuyar kuwa tana kwance matacciya. Mutanen gari suka ce aljanun tsamiya ne aka kora. Ni dai abin da na sani, akuyar nan ba ta taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba.

Da na shiga makaranta na sami bayanin abin. Walƙiya wutar lantarki ce, irin wadda ke cikin waya, sai dai ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Cikin gajimare akwai ƙanƙara da ɗigon ruwa suna ta gogayya da juna, har wutar ta taru ta nemi hanyar sauka. Inda ta ratsa, iska ta kan yi zafi kamar digiri 30,000, watau wajen ninki biyar na zafin fuskar rana. Iskar ta buɗe farat ɗaya, ƙarar buɗewar nan ita ce tsawa. Wutar kuwa ta fi son abin da ya fi tsawo a wuri, ko itace, ko hasumiya, ko mutum tsaye a fili. Wani mutumin Amurka, Benjamin Franklin, shi ya yi gwajin da ya nuna haka a shekarar 1752, shi ne kuma ya ƙago sandan ƙarfen nan da a ke kafawa bisa dogayen gine-gine don ya ja wutar zuwa ƙasa. Dutsen kakata kuwa, masana tarihi sun ce gatari ne na gaske, amma mutanen dā ne suka sassaƙa shi tun ba a san ƙira ba.

Kada wata ta ce wannan bayani ya rage ikon Allah. Ko kusa. Shi ya halicci wutar murhu ma, amma ba mu barin jariri ya rarrafa cikinta. Tsoron nan da mu ke ji daidai ne, sai dai mu kan ajiye shi inda ba wurinsa ba. Mu kife madubi, wanda ba ya jawo kome, sa'an nan mu ce wa yarinya, "Maza je ki kwashe shanya," alhali kuwa igiyar shanyar ta ƙarfe ce.

Laifin da na ce na yi ke nan. Daminar bara ruwa ya yi mana wuya a unguwa. Ran nan aka kece da ruwa, ana walƙiya ana tsawa, ni ina zaune cikin ɗaki na ce wa 'yata ta fita ta sauya bokiti. Tana tsaye cikin ruwa da bokitin ƙarfe a hannu aka saki wata tsawa, har ƙofa ta girgiza. Ta watsar da bokitin ta shigo tana makyarkyata. Ba abin da ya same ta, alhamdu lillahi, amma daren nan ban runtsa ba. Na tuna da Bafilatanar nan wadda ba ta san mu ba, ta tsaya cikin ruwa domin 'ya'yan wasu, ga ni kuwa na tura tawa waje saboda ruwan wanki.

To, ga abin da na ke roƙonku. Ke uwargida, da kin ga gabas ta haɗe, a kwashe shanya, a jera bokiti, a shigar da dabbobi tun ba a fara tsawa ba. In an fara, kowa ya shiga ɗaki, ruwan da ya zube ya zube. Haske ya fi ƙara sauri, saboda haka in kin ga walƙiya ki ƙirga: kowane sakan 3 kafin ki ji tsawa, nisan kilomita 1 ke nan. Amma muddin kunnenki na jin tsawa, to tana iya kaiwa inda ki ke. A dakata minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a fita. Cikin ɗaki ma a bar wanka da wanke-wanke a famfo, a nisanci taga da ƙofar ƙarfe, kada a riƙe wayar da ke jone da wuta.

Ke kuma 'yar makaranta, in hadari ya tare ki a hanya, nemi gini sosai ko mota mai rufi ki shiga. Rumfa da bukka da gindin itace maganin jiƙewa su ke yi, ba maganin aradu ba. Kada ki tsaya bakin rafi ko kududdufi, ko tsakiyar filin wasa. Ran 28 ga Yuni 2011 aradu ta kashe yara 18 a wata makarantar firamare a ƙasar Uganda, don haka ba wasa ba ne.

In kuwa, Allah ya kiyaye, ta faɗa wa wani, kada a gudu a bar shi. Wutar ba ta zama a jikinsa, ana iya taɓa shi nan take. Kada a ɓata lokaci wajen neman nonon da za a zuba masa. A duba numfashinsa, in ya tsaya a yi ta danna ƙirjinsa, a gaggauta kai shi asibiti, gama mafi yawan waɗanda abin ya sama su kan rayu.

Ban ce ku daina jin daɗin ruwa ba. Walƙiyar nan ma tana da amfani, don ta kan haɗa wani sinadari na cikin iska, irin wanda ke cikin takin zamani, ruwa ya sauko da shi gona. Ni yanzu in hadari ya taso, sai in tara yara tsakiyar ɗaki, in soya musu gyaɗa, mu riƙa ƙirga sakan tare, wanda ya fi tsoro shi ya fi ɗaga murya. In an ɗauke, kwaɗi sun fara kuka, sai mu fita mu sha iska mu duba bokitanmu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da zuriyarmu. Sai mako mai zuwa. Wassalam.