Ina Za Su Kwana Kafin Rani?

Kudancin Jihar Kano ƙasa ce mai albarkar ruwa. Duk jihar ba inda damina take sauka kamar can, balle wajen duwatsun Riruwai cikin ƙasar Doguwa, nahiyar da Kogin Kano yake gangarowa daga cikinta. Ruwan nan ne ya sa Tudun Wada ta yi suna wajen shinkafa, Doguwa kuma wajen masara. Amma shi ne kuma yake kā da ɗakunan ƙasa cikin watan Agusta. Saboda haka mu da waɗansu 'yan'uwanmu malamai muka bi hanyar nan da tambaya guda a bakinmu: idan ruwa ya ci gidan mutum, ina yake kai iyalinsa?

Mun tashi daga Kano ta hanyar Zariya a farkon Satumba, kafin a koma makaranta. Zangonmu na fari Bagauda ne, a ƙasar Bebeji. Yaran yanzu sun san wurin da makarantar horon lauyoyi, wadda ta gaji gine-ginen tsohon otal na bakin tafki. Manya kuwa ba su manta da Agusta 1988 ba, sa'ad da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har madatsar Bagauda ta fashe. Gonaki suka tafi, gidaje masu yawa suka zube, aka yi hasarar rayuka.

Daga nan muka ratse zuwa Tiga, wajen kilomita 70 daga Kano. An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ita ce kuwa take shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Tafkin ya rufe fili fiye da murabba'in kilomita 170, dubban manoma kuma aka tashe su daga gidajensu na gado. Waɗannan sun rabu da ƙasarsu har abada, sai sabon mazauni. Wanda ambaliya ta kora kuwa dabam yake. Gonarsa tana nan, kangon gidansa yana nan. Abin da yake nema shi ne ɗakin da zai fake na 'yan watanni.

Wata nawa ke nan? A Kwanar Ɗangora, cikin ƙasar Kiru, inda hanyar Tudun Wada ta rabu da ta Zariya, wani dattijo magini ya yi mana lissafin. Ya ce ɗaki yakan faɗi ne a Agusta ko Satumba, bayan tushen katanga ya sha ruwa ya ƙoshi. Ba mai buga tubali sai ruwa ya ɗauke a Oktoba, gama ɗanyen tubali ba ya bushewa da damina. Ba mai kuɗin azara ko kwano sai an yi girbi an kai kasuwa. Sa'an nan a yi gini, a yi yaɓe, a bari ya sha iska. Kafin mutum ya koma ɗakinsa, sai Janairu ko Fabrairu. Watau wata biyar ko shida ke nan.

To, nan wahalar take. Da fari akan buɗe wa mutane azuzuwan makarantar firamare, hukumomin agaji irin su NEMA da SEMA su kawo tabarmi da barguna da hatsi. Amma mu malamai mun san aji ba gida ba ne. Satumba na yi yara za su dawo, shugaban makaranta ya rasa yadda zai yi. In ya kori masu neman mafaka, ya yi rashin tausayi. In ya bar su, karatun zango guda ya tafi, cikin yaran da za su yi hasarar kuwa har da 'ya'yan waɗanda suke kwance a ajin.

A Tudun Wada muka tambayi yadda ake kama haya. Akwai ɗakuna, gama gari ne na kasuwa, ma'aikata da 'yan ciniki suna shiga suna fita. Sai dai al'adar haya a ƙasarmu ita ce kuɗin shekara gaba ɗaya, ga kuma la'adar dillali. Mutumin da rumbunsa ya jiƙe, akuyoyinsa suka bi ruwa, ina zai sami kuɗin wata goma sha biyu don zaman wata biyar? Muka ji ta bakin wani mai gida kuma, muka ga shi ma yana da abin faɗa. Tsoronsa shi ne wanda ya shiga da sunan wata biyar ya ƙi fita, shi kuwa ba shi da fuskar da zai kori mai 'ya'ya ƙanana. Don gudun wannan kunya sai ya kulle ɗakinsa, buhunan taki suna kwana a ciki, mutane suna kwana a aji.

Muka wuce ta dajin Falgore, muka hau zuwa Riruwai, tsohon garin haƙar kuza. A ƙauyukan wannan gefe ba a cika maganar haya ba, zumunci ne yake aiki. Mata da yara su shiga cikin gidan ɗan'uwa, maza su kwana a zaure. Abin yabo ne ƙwarai. Amma tukunya ɗaya ga gida biyu, a lokacin da hatsin bara ya ƙare na bana bai iso ba, takan gwada haƙurin kowa.

Ga abin da muka dawo da shi, ya mai karatu. Ɗakuna ba su ƙare ba, amana ce take bukatar shiri. Mai ɗaki da mai nema su je gaban mai unguwa da shaidu biyu. A faɗi ranar shiga, a faɗi watan fita, a rubuta. A yarda da biya wata-wata, ko kuwa a jira kaka a biya da masara, yadda manoma suka saba bin juna bashi. Kada a ƙara kuɗin ɗaki don an ga mutum cikin matsi. Shi kuma wanda aka taimaka ya riƙe alkawari ya fita a kan lokaci, domin in ya saɓa, ya rufe ƙofa ga na bayansa. Ƙungiyoyin gari da na manoma su san gidajen da suke da ɗaki tun watan Yuni, kada a jira sai katanga ta faɗi.

A 2022 ambaliya ta raba fiye da mutum miliyan guda da gidajensu a Nijeriya. Ba wanda ya san unguwar da ruwa zai bi baɗi. Mai ɗakin da ya saura a gidansa, ya duba mabuɗin tun yanzu, gama alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.