Guntun Sabulu a Gindin Buta

Jikana,

Ranar da na zo ganin ɗakin amaryarka a Birnin Kudu, bayan mun ci tuwo ta kawo mini ruwan wanke hannu tare da wata kwalba mai famfo a ka, da ruwan sabulu kore shar a ciki, yana ƙamshin lemo. Na yaba, na sa albarka. Da na koma bayan wata uku, kwalbar tana nan a kan taga, wayam, ƙura ta kwanta a wuyanta. Na zaga bayan gida, na tarar da buta cike da ruwa, amma ko ɓarɓashin sabulu babu a gefenta. Da na tambaye ka, ka sunkuyar da kai ka ce sai albashi ya shigo. Ban ce maka komai ba a lokacin, domin ba a yi wa magidanci faɗa a gaban iyalinsa. Amma maganar ta biyo ni har Gwaram, ta hana ni barci, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, komai ya yi tashin gwauron zabi, kuma mai albashi sai ya yi ta lissafi kafin ya kai ƙarshen wata. Ba laifi ba ne ka kasa sayen kwalbar nan karo na biyu. Inda ka yi kuskure shi ne da ka ɗauka in babu ita, to babu wanke hannu. Daidai ruwa daidai tsaki, jikana. Kuɗin kwalba ɗaya zai saya maka sandar sabulun wanki fiye da ɗaya, kuma in ka bi su da dabara za su kai ka watanni.

Ka san aikin duba-gari na yi har na yi ritaya. Na fara shi tun Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Na leƙa randuna da masai da kwatoci da ban san iyakarsu ba. Na shiga gidan attajiri mai sabulun ƙamshi jere a cikin akwati, ana ajiyarsa domin baƙi, yaran gidan kuwa suna fitowa daga masai su zarce kan kwanon abinci. Na kuma shiga gidan wata gwauruwa a wani ƙauye kusa da Sara, ɗakinta ɗaya, katangarta ta kara. A gindin butarta akwai sakaina, a cikin sakainar akwai ɗan dunƙulen sabulun salo da bai kai ƙwan zabuwa ba. Ina tsaye jikarta ta fito daga kewaye, ba wanda ya ce mata uffan, ta tsuguna ta dangwali sabulun, ta murza 'yan hannuwanta, tsohuwar ta tsiyaya mata ruwa. Shekaru sun shuɗe, na manta fuskokin manyan mutane da yawa, amma ban manta da sakainar nan ba.

Abin da nake so ka ɗauka daga nan shi ne, sabulu ya zauna a inda ake bukatarsa, kullum, ko da ɗan mitsitsi ne. Wanda aka kulle a akwati bai tsare kowa daga ciwo ba. Yaro kuwa da ido yake koyo. Nan gaba kaɗan, in Allah ya yarda, za a haifa maka, kuma abin da ɗan ya buɗe ido ya gani a gindin buta shi zai ɗauka al'adar gidansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa sayen sabulun kanti ba sai da girma ya kama ta. Bayan girbi takan ƙona karan dawa, ta tara tokar, ta tace ruwanta, ta ɗora a wuta da mai, tana juyawa da muciya har ya yi baƙi ya kama jikinsa. Da shi muke wanka, da shi ake wanki, da shi ake wanke jariri. Sai da na je makarantar koyon aikin tsafta na gane hikimar abin. Ƙwayar cuta takan laɓe a cikin maiƙon da ke jikin fata, ruwa zalla kuma ba ya kama maiƙo. Sabulu shi ne ɗan tsakani: gefensa ɗaya ya riƙe maiƙo, ɗayan ya riƙe ruwa, in ka ɗauraye sai su tafi gaba ɗaya. Wannan aikin sabulun salo yana yin sa, sabulun wanki yana yi, na wanke kwanoni yana yi. Ƙamshi da launi da kyakkyawar kwalba, su ne ka biya kuɗinsu.

Kada kuma rubutun jikin kwali ya ruɗe ka, inda ake cewa wannan sabulu na musamman ne mai kashe ƙwayoyin cuta. A shekarar 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa wasu sinadarai, ciki har da wanda ake kira triclosan, a sabulun wanke hannu na gida, saboda masu yin sa sun kasa nuna cewa ya fi sabulu da ruwa amfani. Ƙarfin wanki yana ga murzawa. Ka jiƙa hannu, ka sa sabulu, ka cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, kana ƙirga 20 a natse, sannan ka ɗauraye. Gaggawa ita ke ɓata shi. Mutumin da ba zai iya haƙurin sakan 20 domin lafiyar iyalinsa ba, ina jin tsoron yadda zai yi da manyan haƙurai na zaman aure.

Ga yadda muke yi a gidana, kakarka ce ta tsara shi. In an sayo sandar sabulun wanki, sai ta sa zare ta yanka ta gida-gida, ta shanya a inuwa kwana biyu, domin busasshen sabulu ya fi jimawa. Guda a bayan gida, guda a madafa. Guntayen da suka rage na wanka ba ta yar da su. Takan tara su a cikin ragar buhun albasa, ta ɗaure bakin, ta rataye a ƙusa kusa da buta. Ruwa ya tsiyaye, sabulu bai narke a ƙasa ba, akuya ba ta ɗauke ba, ragar kuma ta zama soso. Akwai wata dabarar da masu binciken cutar gudawa a Dhaka ta ƙasar Bangladesh suka gwada, suka ga tana wanke hannu kamar sabulun sanda: garin omo giram 30 a cikin gorar ruwa mai lita 1.5, a girgiza, a huda murfin da ƙusa. Ka kuma ce wa amaryarka ta duba akwatunan lefenta. Na tabbata akwai ruwan sabulun wanke kai da na wanka da ba ta taɓa buɗewa ba, suna nan suna jiran lalacewa. Ta juye a kwalbar nan ta kan taga, bayan ta wanke ta ta bushe sarai, domin ƙara sabo a kan tsohon ruwan da ya daɗe yana iya tara ƙazanta.

Amma bari in gaya maka inda ni kaina na yi tuntuɓe, don kada ka ɗauka duk abin da ya yi araha alheri ne. Wata shekara da hannuna ya yi ƙunci, na ga wani mai talla a kasuwa da sabulu fari tas, manyan yanka, ba suna ba takarda, rabin kuɗin na kanti. Kwaɗayi ya ja ni na kwashi da yawa. Soda ta yi masa yawa, ni kuwa ban sani ba. Cikin mako guda tafin hannun kakarka ya tsattsage, har ta kai in ta taɓa barkono sai hawaye. Ba ta ce mini komai ba, sai da na ga tana tuƙa tuwo da tsumma naɗe a hannu. Ni da nake hana mutane irin wannan, ni na kawo shi gidana. Kuɗin man shafawa da na magani ya haura abin da na ce na tsimi, kunyar kuma ta fi kuɗin ciwo.

Araha ba ta ado, in ji magabata, kuma wani lokaci har cizo take yi. In za ka sayi na kanti, ka duba lambar NAFDAC. In na gida ne, ka saya wurin wadda ka san hannunta. Sabulun da ya sa fata zafi ko ƙaiƙayi, a mayar da shi wankin tsumma. Kada kuma son tattali ya sa ka tsinka ruwan sabulu har ya daina santsi da kumfa, domin a nan ka yaudari kanka ne, kana wanka da ruwa kana ce masa sabulu. Tattali daban, rowa daban. In ta ƙure babu ko ɗaya, tokar murhu mai tsabta ta fi ruwa zalla, da babu gara ba daɗi.

Ba zan ɓoye maka dalilin da ya sa na matsa a kan wannan ƙaramin abu ba. A daminar 2021 amai da gudawa ta ratsa ƙasar nan, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, tare da Bauchi da Kano. Na je dubiya, na ga yaro da safe yana wasa, da la'asar idanunsa sun faɗa, uwarsa na riƙe da ledar ƙarin ruwa. Na ga magidanta sun sayar da akuya da buhun gero domin magani. Gurɓataccen ruwan sha shi ne babbar ƙofar wannan cuta, don haka ka rufe randa, ka ware mata moɗa guda, in ka yi shakkar ruwa ka tafasa. Amma hannu ma ƙofa ce, balle mu da muke cin tuwo da hannu, mutum biyar a kwano ɗaya. Ka daina al'adar nan ta zagayawa da kwanon ruwa guda kowa ya tsoma, na ƙarshe ya wanke da dauɗar na farko. A tsiyaya wa kowa daga buta. Bayan kewaye, bayan an yi wa yaro tsarki, kafin girki, kafin cin abinci: waɗannan lokutan ba a yi musu sai albashi ya shigo.

Na ba direban da ke lodin Birnin Kudu ɗan ƙunshi ya kawo maka. Sandar sabulu biyu ce a ciki, kakarka ta riga ta yanka ta shanya, da ragar albasa da ta wanke ta ɗinke bakinta, da ƙusa guda. Ka kafa ƙusar daidai ƙugunka, kada ta yi sama, saboda yaran maƙwabta da ke shigowa su iya kaiwa. Ka gaishe mini da amarya, ka ce mata ina nan tafe bayan Sallah, kuma miyar kukar nan tata nake so. Allah ya yi muku albarka.