Kinigi, inda baƙo ke zuwa da rabon mai gida

Tun kafin kiran assalatu muka bar Kigali, muka yi ta hawa da gangara a kan tuddai har kusan awa biyu da rabi, sannan muka iso Musanze da ke arewacin Ruwanda. Daga nan Kinigi kusa take. A can ne ofishin gandun dajin duwatsu masu aman wuta yake, inda goggon birin tsauni ke zaune. Hazo ya rufe kan duwatsun, sanyi kuwa yana shiga har ƙashi.

Goggon biri na je gani, na kuwa gan shi, amma mutanen gindin dutsen su na fi dawowa da su a raina. Na sha zuwa wuraren da 'yan gari ke yi wa ɗan yawon buɗe ido kallon saniyar tatsa, ko kuma kallon annoba. A Kinigi mata na cikin gonakin dankalin turawa, suka ɗago suka ce mana "muraho", suka koma kan fartanyarsu. Babu wanda ya biyo mu da roƙo, babu wanda ya harare mu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Baƙon da ya fito daga Turai ko Amurka yana biyan dala 1,500 kafin a ba shi izinin shiga, kuma awa ɗaya tak zai yi a gaban dabbobin. Mutum takwas kaɗai ake kaiwa wurin kowane iyali na goggon biri a rana, don kada tarin jama'a ya firgita su ko ya shafa musu mura. Daga kuɗin da gandun daji ke samu, gwamnati ta fara ware wa ƙauyukan da ke kewaye kashi 5 cikin 100 a shekarar 2005, ta mayar da shi kashi 10 a 2017. Da shi ake gina ajujuwa da ɗakunan shan magani da tankunan ruwa. Tankin nan kada a raina shi: ƙasar wurin tana shanye ruwan sama nan take, kuma a da neman ruwa na cikin abin da ke shigar da mutane dajin.

Ɗan dakon da ya ɗaukar mini jaka dattijo ne mai ƙarancin magana, sanye da shuɗiyar rigar aiki. Ya miƙo mini sanda mai sassaƙa, ya riƙe hannuna a duk inda laka ta yi santsi. Da muka iso katangar da ta raba gonaki da daji, sai ya tsaya ya dafa ta. Baƙin dutse ne aka jera ba siminti, mutanen ƙauyukan suka ɗora shi da hannunsu don tare ɓauna. Ta bakin mai yi mana tafinta ya shaida mini cewa shi ma a da yana ɗana wa gada tarko a cikin gorar nan, kuma irin wannan tarkon ne ke kama hannun ɗan goggon biri. Yanzu da kuɗin dako yake saya wa 'ya'yansa littafi. Bai faɗi haka da kunya ba, bai kuma faɗa don in tausaya masa ba.

Akwai sauran ƙorafi. Ɓauna na tsallake katanga ta yi ɓarna, diyyar da ake biya ba kullum take zuwa da wuri ba. Manyan otal-otal na masu hannu da shuni ne, manomi ba ya kwana a ciki. Ga kuma shirin faɗaɗa gandun, wanda zai tashi wasu gidaje daga gonakinsu. Amma na lura mutanen suna maganar dajin da bakin masu haƙƙi a ciki. Har bikin suna suke yi wa jariran goggon biri tun 2005, suna kiransa Kwita Izina, a kan tsarin sunan 'ya'yansu. A yau goggon birin tsauni ya haura 1,000 a duniya, bayan an taɓa fitar da rai da shi.

Ina saukowa gandun dajin Yankari ya faɗo mini a rai, da manoman da giwaye ke tattake wa dawa, suna kallon motocin baƙi na wucewa zuwa Wikki. Su ma sun cancanci a yanka musu kaso sananne, a rubuce.

Mai karatu, idan Allah ya kai ka Kinigi, ka ɗauki ɗan dako ko da jakarka ba ta da nauyi.