Ƙasa Kafin Ƙarfe



Duk wanda ya kwana biyu bai ratsa GRA ta Katsina ba, idan ya zo yanzu zai ga sauyi. Unguwar da Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa ma'aikatansu, mai manyan filaye da inuwar bedi, yau rumfuna da shagunan ƙarfe sun fara cika ta. Mai wucewa gani yake dare ɗaya suke tsirowa, don masu walda sun gama yanka da haɗi tun a wurin aikinsu, sai dai a kawo a ɗaura. Amma kafin ranar ɗauri akwai aikin makonni da ƙasa take ci.

Mu biyar mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙansa, da gida mai fili a baya da ɗan kuɗin sallamarsa na aiki. Muka yi shawara da Hajiya mu kafa ɗakin ajiya na ƙarfe a filin, mu ba da haya, kuɗin ya riƙa ɗaukar karatun ƙananan cikinmu. Abin da ke hannunmu ba zai isa a yi gini sau biyu ba.

Da takarda muka fara. Tun dokar filaye ta 1978, filin birni amana ne a hannun gwamna, kuma takardar mallakarmu ta gidan zama ce. Don haka sai da muka kai zanen ginin hukumar tsara birane ta jiha muka jira izini. Muka tono turakun iyaka da ƙasa ta binne, muka kira maƙwabcinmu ya gani da idonsa.

Sannan muka ɗauko wani dattijon magini da ya daɗe yana yi wa mahaifinmu aiki. Ya zagaya filin, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya ce: "Yarana, ginin bulo tsoronsa ya nutse, ginin ƙarfe tsoronsa ya tashi." Nufinsa iskar farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas tana kwashe rufin kwano. Ginin ƙarfe ba shi da nauyin da zai riƙe kansa. Ƙarfinsa yana ga ƙusoshin da aka dasa cikin kankare, kankaren kuma yana ga ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Saboda iskar nan ya ce ƙofa ta kalli yamma.

Aka kwashe ƙasar sama mai ciyawa da ruɓaɓɓen ganye, don tana lotsawa idan ta sha ruwa. A kusurwar kudu aka ci karo da gidan gara. Gara ba ta cin ƙarfe, amma tana rarake ƙasa ta bar rami a ƙarƙashin daɓe, sai aka haƙe gidan gaba ɗaya aka zuba magani. Tifa ta kawo jar ƙasa. Dattijon ya hana a juye ta gaba ɗaya a rami: a zuba kaurin inci 6, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara. Ya ɗaga daɓen sama da tsakar gida, ya karkata gangaren zuwa kwalbatin titi, nesa da katangar maƙwabci.

Inda muka fi shan gardama shi ne bedin da ke gefen filin. Saiwarsa ta shigo inda ginshiƙi ɗaya zai zauna, masu walda suka ce a sare. Hajiya ta ce: "Alhaji ne ya dasa shi shekarar da muka tare. Ku matsar da ƙarfenku." Muka rage tsawon ɗakin, kuɗin haya ya ragu da shi. A zafin Afrilu, lokacin da kwano ba ya taɓuwa, ɓangaren da bedin ya yi wa inuwa ne kaɗai ake iya zama.

Da aka zuba kankare, sai jira. A Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina an koya wa ɗayanmu cewa kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi, kuma yana son ruwa a makon farko. Dattijon bai karanta wannan a littafi ba, amma safe da yamma yana tsaye a kan 'yan garuwa. Yaya ya gaza haƙuri: "Baba, mai haya fa yana jira." Ya ce: "In ya jira wata guda, ya zauna shekara ashirin."

Mako bakwai ƙasa ta ci, ƙarfe ya tsaya cikin kwana huɗu. Iskar farko ta zo da dare, muna ɗaki muna jin kwanon yana kuka, da safe muka tarar ko ƙusa ɗaya ba ta motsa ba. Ruwan Agusta ya bi hanyar da aka yi masa, buhunan mai haya ba su jiƙe ba. Kuɗin hayar farko autarmu aka biya wa rajistar jarrabawa.