An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

 Na san wannan mujalla tamu an fi saninta da waƙa da tatsuniya da nazarin harshe, na kuma san malamanmu da iyayenmu suna duba ta. Saboda haka tun ban yi nisa ba ina neman gafara, domin maganar da na ɗauko tana cikin irin waɗanda Bahaushe kan sassauta murya in zai faɗe su. To, amma an ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma duhun da zan yi magana a kansa ya riga ya cuci 'yan'uwanmu mata da yawa a ƙasarmu ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Abin da na lura da shi shi ne, mutanenmu suna matuƙar kishin haihuwar 'ya'yansu mata, amma sun ɗora tsoronsu a kan kaza, sun bar wurin da haɗarin yake.

Bari in fara da kazar. Ina da goggo a Ƙanƙara wadda ta yi rantsuwa kazar gidan gona ba za ta ƙara shiga tukunyarta ba. Ko biki ake yi, in ta ga cinya ta cika girma sai ta ture kwano. Ta gwammace ta ƙara kuɗi ta sayi kazar Hausa, ko kuwa a ci miya lami. Dalilinta shi ne, wai allura ake yi wa kajin nan ta wani sinadari da ake kira homon, shi ke kumbura su cikin 'yan makonni, kuma wai duk yarinyar da ta saba cin su za ta balaga da wuri, in ta yi aure kuma haihuwa ta gagara. Ba ita kaɗai ba ce. A gidajen suna, a motar haya, a wayoyin hannu, zancen ke nan.

Ni ban ga laifin goggo ba a kan wannan zargi, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a cikin wani gwaji da ya shafi yara 200, goma sha ɗaya daga cikinsu suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa a 2003 jama'a suka yarda da jita-jitar cewa an zuba maganin hana haihuwa a cikin rigakafin shan inna, har aka dakatar da shi a Kano sai a 2004. Tun daga nan duk abin da ya zo daga waje za a sa a baki, tambayar farko ita ce, ba ya hana haihuwa?

To, mene ne homon ɗin? Sinadarai ne da jikin mutum da na dabba ke yi da kansa, su ke tafiyar da girma da balaga da jinin al'ada da ɗaukar ciki. Gaskiya ne a Amurka an yarda a dasa wa shanun yanka irinsu a kunne don su yi saurin ƙiba, kuma ƙasashen Turai sun hana shigar da irin wannan nama tun daga 1989, har rigimar ta kai gaban hukumar ciniki ta duniya. Amma wannan zancen shanu ne. Ko a Amurkar ma doka ba ta yarda a ba kaji homon ba. Abin da ke sa kazar gidan gona ta isa yanka cikin mako 6 zuwa 8 shi ne, an yi shekaru da dama ana zaɓen iri mai saurin girma ana haɗa shi da irinsa, sa'an nan a tsare ta wuri ɗaya tana cin masara da waken suya dare da rana. Shanunmu kuwa na kasuwar Sheme, ciyawa da kara suka sani, ragunan turka kuma dusa da harawa da angurya.

Wannan ba ya nufin naman namu ba shi da abin dubawa. Wanda ya tashi cikin makiyaya ya san kwalbar allurar nan da suke kira "el-e", wadda ake tsira wa saniya da zarar ta yi sanyi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, kuma a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka dabbar ko a sha nononta. Wa ke karantawa? Sau da yawa in an ga allurar ba ta ci ba, sai a yi maza a kira mahauci kada a yi asara. Haka wasu masu kiwon kaji ke zuba magani a ruwan sha har ranar da za a kai kasuwa. Illar wannan ita ce ƙwayoyin cuta su saba da maganin, ranar da yaro ya kwanta a ba shi ya ƙi yi masa aiki. Wanda ke son gyara cin namansa, nan ya kamata ya sa ido: ya san mahaucinsa, ya guji naman dabbar da aka yanka tana jinya. Abin mamaki kuma, gidan da aka kori kaza saboda homon, a nan za ka tarar ana ba amarya ƙwayar "sha ka fashe" don ta yi ƙiba kafin biki, alhali wasu daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi su ne dangin homon na gaskiya, masu jawo hawan jini da ciwon sukari.

Wancan shi ne taikin. Yanzu ga jakin.

Ba sai na gaya wa kowa halin da ƙasarmu ta shiga ba. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya. A 2021 sai da gwamnatin Jihar Katsina ta hana sayar da dabbobi a kasuwanninmu, aka kuma yanke layukan waya na wani lokaci. A farkon 2024 aka tare mata 'yan rakiyar amarya a wajen Damari ta ƙasar Sabuwa aka kora su daji. In an kawo hari, akan ƙidaya gawa, a ƙidaya shanu, a ƙidaya kuɗin fansa. Akwai ɓarna guda da ba a ƙidayawa, watau abin da ake yi wa mata a ɗakunansu, da gonaki, da hanyar itace. Wannan kowa ya sani, kowa ya yi shiru.

Na ga abin da shirun ke haifarwa. An taɓa kawo wata yarinya daga wani ƙauye, kwana ɗaya bayan hari, aka sauke ta a maƙwabtanmu. Matan gidan sun yi mata duk abin da suka sani, kuma da zuciya ɗaya suka yi. Sun gasa mata jiki da ruwan zafi, sun karɓo mata rubutu, sun hana kowa shiga ɗakin, sun ce wa baƙi zazzaɓi take yi. Asibiti kuwa ba a je ba, don kada magana ta fita. Bayan wata uku magana ta fita da kanta. Wanda ya kai kuɗin aurenta ya aiko a mayar masa. Tsakanin gidan nan da kantin magani ba a yi tafiyar minti biyar ba, kuma abin da zai iya tsare ta daga wannan ciki kuɗinsa bai kai na kazar Hausa guda ba. Ba wanda ya sani a cikinsu.

Abin da ba su sani ba shi ne, ciki ba ya shiga a daidai lokacin da aka sadu. Maniyyi yakan zauna da rai a jikin mace har kwana 5 yana jiran ƙwai ya fito. Likitoci suna da ƙwayar gaggawa mai sinadarin lebonojestirel, wadda aka fi sani a kantunanmu da sunan Postinor-2. Aikinta shi ne ta jinkirta fitowar ƙwan har maniyyin ya mutu, ba su haɗu ba. Ana so a sha ta cikin sa'o'i 72, watau kwana 3, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon amfaninta. Har kwana 5 ana iya gwadawa, ko da yake ƙarfinta ya ragu. In mace ta yi amai cikin sa'o'i 2 da sha, sai ta sake. In al'adarta ta yi jinkiri fiye da mako guda, sai a yi gwajin ciki, domin ba kullum take tsarewa ba. Akwai kuma robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ma'aikaciyar asibiti ke sawa cikin kwana 5, ita ce ta fi kowace hanya tabbas, domin cikin mata 100 ba a cika samun ko ɗaya da ta yi ciki bayanta ba.

Abu biyu nake so mai karatu ya riƙe. Na farko, ƙwayar nan ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, ba ta kuma cutar da shi. Na biyu, ba ta hana haihuwa nan gaba. Abin da takan jawo shi ne tashin zuciya, ko ciwon kai, ko al'ada ta zo da wuri ko ta ɗan makara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Sai dai ba ta kare mace daga cututtukan saduwa. Shi ya sa asibiti ya fi kanti, domin a can akwai maganin kare kamuwa da ƙanjamau, wanda shi ma dole a fara shi cikin sa'o'i 72 a sha kwana 28, ga kuma duba rauni. Wadda aka tsare makonni a daji, mai yiwuwa lokacin ƙwayar ya wuce mata, amma duk da haka a kai ta ranar da ta dawo, ma'aikatan su duba abin da ya rage a yi.

Na san abin da wasu za su ce: wannan buɗe wa 'yan mata ƙofar lalata ne. Ina girmama wannan tsoro, amma a duba da kyau. Mai neman lalata a birni ta riga ta san sunan ƙwayar, ba ta jira mujallarmu ba. Wadda ba ta sani ba ita ce uwa a ƙauye, da ungozoma, da matar aure mai goyon wata huɗu da ta manta shan maganin tazararta. In ba su san ta ba kuwa, ba zama suke yi ba. Jiƙon kanwa ake sha, da ruwan gishiri, da tarin kafso, abubuwan da ba su tsare komai sai dai su ƙone ciki. In wata biyu ya wuce kuma, a faɗa hannun masu zubarwa a ɓoye, inda rai ke salwanta.

Game da addini, ni ɗalibi ne, fatawa ta malamai ce. Abin da na karanta dai shi ne, hadisin Jabir ɗan Abdullahi da ke cikin Buhari da Muslim ya nuna sahabbai suna yin azalu a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazarar haihuwa ta ɗan lokaci in ma'aurata sun yarda kuma ba cutarwa. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta ƙwarai a kan taɓa ciki tun farkonsa, don haka ne ma ya wajaba a kai musu bayanin yadda ƙwayar nan ke aiki daidai, su yi hukunci a kan abin da yake, kada a bar su da jita-jita. Kuma kowa ya san Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Madina saboda kunya ba ta hana su tambaya.

Da na yi wa goggo wannan bayani, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Kai ɗan nan, bakinka bai yi nauyi ba, kake gaya mini wannan?" Na ce, "Goggo, ku gafarce ni. Ku ake bugo wa ƙofa da tsakar dare in abu ya faru, shi ya sa na ga ku ya kamata ku fara sani." Ta ce, "Kwana nawa ka ce?" Na ce uku. Ta ƙirga a yatsunta, ta sa na rubuta mata sunan a takarda, ta ƙulle a bakin zanenta. Kazar gidan gona dai har yau ba ta ci, ni kuma ban matsa mata ba, don wannan ba ya cutar da kowa.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan wannan ƙungiya, ga aiki ya same mu. Takardar da ke cikin kwalin maganin nan da Turanci take, iyayenmu kuwa Hausa suke ji, wasunsu ajami suke karantawa. Mu da muke taƙama da harshe, mu ya kamata mu nemo kalmomi masu tsabta da za a iya faɗa gaban surukai, mu zauna da ma'aikatan lafiya su tantance mana, mu rubuta da boko da ajami. In an yi hutu, 'yan'uwanmu mata su kai wa ungozomomi da malaman Islamiyya na matan aure, mu maza mu kai wa limamai da masu unguwanni, domin sau da yawa namiji ne ke cewa kada a je asibiti. A gaya musu cewa wadda aka yi wa fin ƙarfi ba ta da laifi, kuma rufin asirinta na gaskiya shi ne a kai ta ga magani kafin kwana uku su cika.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya tsare mutuncin iyayenmu da ƙannenmu, Ya mayar da kowa gonarsa lafiya. Amin.